Kwarmin Askar Baba Shida

Wuƙar da Nabila ta kawo mini ranar Asabar ta uwarta ce, ta yankan nama, mai kyau kuwa kafin ta shiga hannun 'yar jami'a. Ta kalli bidiyo a waya, ta sayi dutse, ta zauna ta goga har bakin ya koma kamar bayan cokali. Na tambaye ta da Hausa, ta amsa mini da Turanci, wai a bidiyon abin ba wuya. Na ce, "'Yar nan, a bidiyo haihuwa ma ba wuya."

Saboda ita da ire-irenta na zauna rubuta wannan, ku da kuke leƙowa lunguna a bayan kantin kayan miya na Landover kuna cewa, "Anti Kulu, koya mini a sati biyu." Rubutuna ba na 'yan boko ba ne. Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe biro, a ajin manya na laburare. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Ubana wanzami ne a Kazaure. Aikina tun ina ƙarama in riƙe masa ruwa a sakaina, ina ɗiga masa a dutse yana wasa aska. Sau ɗaya ta wannan gefe, sau ɗaya ta wancan, har ya gama. Yakan ce aska kamar shari'a take, abin da ka yi wa wannan ɓangare shi za ka yi wa ɗaya. Na haddace hannunsa kamar Fatiha. Amma ranar da na miƙa hannu cikin zabirarsa, sai da na kwana biyu ban iya riƙe ludayi ba. Mace ba ta riƙe aska, magana ta ƙare. Ku riƙe wannan zance na shari'a, shi ya kai ni ya baro.

Raino ya kawo ni Amurka a 2001, gidan wata likita a Bowie. Da yaran suka shiga makaranta na koma wanke-wanke a wani gidan abincin Japanawa a Washington. Kowace Litinin akan naɗe wuƙaƙen masu dafuwa a tsumma a ba ni in hau jirgin ƙasa in kai wa wani tsoho a Takoma Park, wanda ya mai da garejin bayan gidansa shago. Sunansa Ishida. Na ce Baba Shida. Ya tambayi ma'ana, na ɗaga masa yatsu shida, ya ce ai an rage masa, shi ya haura saba'in. Shi ma Kulu ta gagare shi, Kuru yake cewa. Turancinsa gurgu, nawa makaho, haka muka ja juna shekara bakwai.

Wata doguwar wuƙar yankan ɗanyen kifi ce ta haɗa mu. Ya gama ta ya miƙo, ni kuma ban san lokacin da na ɗora bakin a farcen babban yatsana na ja a hankali ba, yadda ubana ke yi. Kusa da tsini sai na ji ta zame. Na ce, "Wannan ba ta gama ba." Ya dube ni ta saman tabarau, ya karɓa, ya juya ta a hasken taga, ya koma kan dutse. Da ya sake miƙo mini sai ya ce, "Ranar Laraba kina aiki?" Na ce da yamma. Ya ce, "Zo da safe."

Ban taɓa wuƙa ba wata takwas. Ruwa nake canzawa, duwatsu nake daidaitawa. Dutsen Japanawa da ruwa yake aiki, ba a sa masa mai, kuma yana cinyewa a tsakiya kamar tsohon turmi. Sai a zana masa layuka da fensir a goga shi a kan wani dutsen har layukan su ɓace baki ɗaya. Duwatsu tara ne a garejin, daga mai kaushi kamar bulo har wani mai launin ruwan ƙwai, mai santsi, da aka haƙo daga tsauni a ƙasarsu, wanda in ka shafa sai ka ce kumatun jariri. Doka ɗaya ya kafa mini. A kan kanta akwai wani siririn akwatin katako. Ya nuna ya ce, "Wannan, kada ki taɓa."

Na san abin da ke ciki, don na gani ranar da ya buɗe. Aska ce, ba mai lanƙwasawa ba, ƙarfe ɗaya miƙe, an naɗe ƙotar da siririn bawon itace. Ubansa maƙerin aska ne a wani ƙaramin gari, shi ya ƙera ta. Maƙerar ta mutu tare da mai ita, kuma cikin duk abin da tsohon ya ƙera wannan kaɗai ta biyo ɗansa. Sau ɗaya a shekara Baba Shida ke aske gemu da ita, ranar da uban ya cika.

Wata Laraba ya tafi ganin likitan ido ya bar ni da duwatsu. Na gaji da fensir. Na ce ni 'yar wanzami, a tsare ni wata takwas ina dakon ruwa? Na buɗe akwatin, na gwada a farce, na ga kamar ta dakushe. Na ce bari in nuna wa tsohon nan daga gidan da na fito. Na fara da dutse mai kaushi, sau ɗaya ta nan, sau ɗaya ta can, adalci tsantsa, wajen awa biyu. Ta yi ƙyalli kamar madubi. Na goge ta na ajiye a kan tsumma ina jiran yabo. Karambanin akuya, gai da kura.

Ga abin da ban sani ba, kuma bidiyonku bai faɗa muku ba. Askar ubana ƙarfe ɗaya ce, gefenta biyu daidai suke. Askarsu kuwa ƙarfe biyu ne aka haɗa a wuta: mai taushi shi ne jiki, mai tauri kuma ɗan siriri ne a manne a gefe ɗaya, bai fi kaurin farce ba. Wannan siririn shi ne bakin, shi ne askar. A gefensa maƙerin yake rarake wani kwarmi mara zurfi, yadda in ka kwantar da ita a dutse gefuna kawai ke taɓawa. Gefen mai taushi ake wasawa sosai, gefen kwarmi kuwa shafa ce kaɗan a ƙarshe. Ni na ba su daidai wa daida. Na cinye fiye da rabin kwarmin, na rage ƙarfen da ya isa a yi aski da shi har jikoki.

Ya dawo ido ɗaya a rufe da auduga. Ya ɗauka, ya sa babban yatsa a inda kwarmin yake a da, ya daɗe a tsaye. Da ya zage ni da na ji daɗi, don zagi na san yadda ake amsa shi.

"Kuru, wa ya koya miki?"

"Ubana."

"Ubanki gwani ne," in ji shi. "A kan askarsa."

Ya shafa mata mai, ya mayar akwati, ya rufe. "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ba yau ba." Shekarar nan da ranar uban ta zagayo, da reza ta kanti ya yi aski. Na gani a kwandon shara.

Washegarin ranar da na ɓata askar ya sauko da wani abu daga bango, ya ce sunansa sen. Ni makankari nake ce masa. Ku ɗauka kan keke ne, ƙota biyu hagu da dama, a tsakiya wani guntun ƙarfe mai tsananin tauri da baki. Ana danne abin da za a yi wa aiki a kan katako da ƙugiya da ɗan itace, a kama ƙota biyu a tura gaba. Ba magagari ba ne, ba ya ci da haƙora. Fere ƙarfe yake kamar yadda ake fere rogo, ɓawon na fita a nannaɗe kamar gashin masara. Da shi maƙeransu ke fitar da kwarmi tun kafin injin ya zo. In hannu ya daidaita, ƙarar doguwa ce, shiii. In ya karkace sai ka ji kar-kar-kar, kuma kowace kar tabo ce da sai an sauke duk fuskar kafin ta fita. Baba Shida ba ya juyowa ya duba aikina. Yana can bakin dutse zai ce, "Kafaɗa." Ko ya ce, "Kina fushi da ƙarfen."

Shekara biyu ina kankarar tsofaffin ƙarafan ƙofa. A wannan lokacin nake zuwa ajin laburare ran Asabar, ina koyon baƙaƙen Turanci, ina kwaikwayon na Hausa daga wani ɗan littafi da wata 'yar Damagaram ta ara mini. Nan na gane cewa ɗan lanƙwasa a kan harafi ne kawai ya raba kankara da ƙanƙara. Na yi dariya ranar. Daga baya na daina.

Bayan sen sai guduma, ƙarama kamar ta mai gyaran agogo. In kwarmi ya cinye, ana ɗora askar a gefen uwar maƙera a riƙa ƙwanƙwasa gefen mai taushi, a hankali, a jere, har ya turo mai taurin waje kaɗan. Bugu ɗaya ya sauka kusa da baki, mai taurin ya tsage kamar tangaran, shi ke nan an yi jana'iza. Ya samo mini tsofaffin asake marasa gata na koyo. Na kashe uku. Ƙarar tsagewar ba ta da ƙarfi, ɗan tik ne, amma har yanzu in cokali ya taɓa kofi nakan juya.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Masu dafuwa suna kawo wuƙa kamar an kawo mara lafiya asibiti, su tsaya a kanka. Mutanenmu likitoci da injiniyoyin Bowie sau ɗaya suke tunawa da ni, jajibirin Babbar Sallah, su zo da wuƙar da ta shekara tana wanka a injin wanke kwanuka, a ce a gama kafin la'asar. Wanda na fi sabawa da shi Alhaji Isaka ne, mai aski ɗan Kumasi da ke da shago a Landover. Asakensa huɗu, duk wata yake kawowa. Magajiya yake ce mini.

"Magajiya, yaya mutumin Chana?"

"Alhaji, sau nawa zan ce maka Japan?"

"To ai duk ɗaya, Kano da Katsina."

"Je ka faɗa wa Bakatsine haka, ka dawo in ɗinke maka baki."

Shi ya fara kirana 'yar wanzam a gaban mutane, shi ne kuma ya fara cewa a bar wa Magajiya nasa, kada tsohon ya wahala. Baba Shida ya ji, daga ranar ya daina duba asaken Alhaji bayan na gama.

A shekara ta biyar ya sauko da akwatin ya ajiye a gabana ya ce, "Yanzu." Na ce aiki ya yi yawa, sai bayan Sallah. Bayan Sallah na ce sai sanyi ya wuce, hannu ba ya jin guduma a sanyi. Da sanyi ya wuce na ce ina so in ƙara gwadawa a kan wasu. Sau uku ya ajiye shi a gabana, sau uku na mayar kan kanta. Bai ƙara ba. Ranar uban ta zagayo sau biyu a haka. Ku da kuke ganin gaggawa ce kaɗai ke ɓata aiki, ku rubuta wannan ma.

Sai 2009. Gidajen abinci suka fara rufewa, har wanda na yi wa wanke-wanke. Waɗanda suka rage suka koma sayen wuƙaƙe masu araha, in sun dakushe a jefar. Wata Litinin daga safe har azahar almakashi ɗaya ya shigo. Alhaji Isaka ya zo da asakensa huɗu a naɗe, ban ji ya tambayi mutumin Chana ba. Ya ce masu duba shaguna sun fi son reza mai cirewa a yar, samarin yanzu ma inji suke so. "Ajiye mini su, Magajiya. In na gan su a shago raina ɓaci yake." Suna nan har yau.

Cikin kaka Baba Shida ya faɗi a bakin dutse, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi. Na ci gaba da buɗe garejin kwana uku a mako. A Fabrairu aka yi dusar ƙanƙarar da ta rufe garin nan, ba bas ba jirgi. Na baro duwatsu biyar a jiƙe cikin bokiti, na baro mai ruwan ƙwan da danshi a kan katako, kuma babu mai kunna na'urar ɗumama garejin. Kwana shida kafin na iya zuwa. Ruwan da ke cikin dutse in ya daskare buɗewa yake. Na fasa ƙanƙarar bokitin na riƙa tsamo su gutsure-gutsure. Mai ruwan ƙwan ya rabe uku, yadda ya zo daga tsauni shimfiɗa-shimfiɗa.

'Yarsa ta zo daga can yamma, mace mai kirki da ba ta san sunan ko ɗaya daga kayan ba. Ta ce za a sayar da gidan ƙarshen Maris, kuma likita ya ce kan Baba Shida ya fara tafiya, wata rana yana nan, wata rana ba ya nan. Ranar na sauko da akwatin da kaina.

Kwana goma sha ɗaya na yi. Biyun farko ban taɓa ta da komai ba, ina juya ta a hasken taga ina zana inda ƙarfe mai tauri ya tsaya. Sannan sen, a gefen mai taushi, don in rage kaurin da guduma za ta tura. Ɓawon da nake fitarwa bai kai gashin gira ba. Rana ta biyar na ɗora ta a uwar maƙera, na yi bisimilla, na fara bugu. Layi ɗaya daga gindi zuwa tsini, in tsaya, in shafa a dutse in ga inda ya taɓa, in koma. Alhaji Isaka ya leƙo ya ga fuskata, ya ajiye mini ƙosai a bakin ƙofa ya juya. Kwana uku ina bugu ban ji tik ba. Saura kwarmin kansa, wanda sen ba ya iya ci, don ƙarfen nan ya sha wuta ya taurare. Dutse ake so ƙarami mai ɗan doro, a riƙe da yatsa biyu. Ba ni da shi. Sai na ɗauki gutsattsarin duwatsun da ƙanƙara ta fasa na goga musu doro, daga mai kaushi har na ruwan ƙwan. Da su na rarake kwarmin, ina bin ɗan sauran da ban cinye ba a can sama, inda hannun maƙerin yake har yanzu. Na ƙarshe wasawa: gefen mai taushi sau bakwai, gefen kwarmi sau ɗaya. Ba adalci a ciki, kuma haka ne daidai. Na tsinke gashi ɗaya daga kaina na saukar a kan bakin, ya rabe biyu ban ja ba.

Ba a shiga gidan tsofaffi da abu mai kaifi. Na sa akwatin a ƙarƙashin hijabi na wuce, mai gadin ma ya ce mini sannu. Da hantsi ne, yana zaune a kujera mai taya a bakin taga, an yi masa aski da inji an bar tsibi-tsibi a haɓa. Na gaishe shi ya amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙo. Rabin ma'aikatan wurin matan Afirka ne, ya ɗauka ɗaya ce daga cikinsu. Na ce, "Baba Shida, Kuru ce." Ya gyaɗa kai yana kallon taga.

Na buɗe akwatin na sa masa a cinya. Hannun hagu ya miƙa ya ɗauka ta ƙota, yadda ya kamata. Ya sa babban yatsa a kwarmin ya rufe ido, ya bi shi daga gindi zuwa tsini, ya dawo, ya sake bi. Ya yi doguwar magana da yarensu, ban ji ko ɗaya ba. Sannan ya juyo da Turancinsa.

"Aikin babana ne. Kin gani? Taɓa nan. Babu mai yin irin wannan yanzu."

Na taɓa. Na ce na gani.

"Mayar da ita." Na mayar, na rufe. Ya ɗora hannu a kan murfin ya matso da kai kamar mai faɗin asiri. "Akwai wata mata a shagona, Kuru. Tana da ido. Amma hannunta yana riga kanta. Kada ki bari ta taɓa wannan."

Na ce, "To, Baba. Ba za ta taɓa ba."

Ya rasu da bazara. 'Yar ta ce in kwashe kayan garejin duka, har akwatin, ita ba ta san me za ta yi da su ba. Sen ɗin nan da kuke gani a bangona kuna tambaya ko kan keke ne, shi ne. Gutsattsarin duwatsun ma da su nake aiki, ba a zubar da dutse don ya fashe.

Saboda haka mai son koyo ya zo ran Laraba da safe, akwai bokiti, akwai fensir. Kada ya tambaye ni yaushe zai taɓa wuƙa. Ya kuma fara gaya mini abin da ya riga ya iya daga gida, don wannan nake tsoro, ba abin da bai sani ba.

Akwatin yana kan kanta. Ƙarfe yana son mai ko ba a aiki da shi, don haka sau ɗaya a shekara Alhaji Isaka yakan zo ya wanke hannu ya buɗe, ya shafa mata, ina tsaye a kansa da hannuwana a baya ina ce masa a hankali, ban da baki, bi kwarmin. Kullum sai ya ce, "Magajiya, ke da kika gyara ta, ki karɓa mana ki yi da kanki." Nakan ce masa ya yi abin da aka sa shi. Sau biyu mai ita ya ce kada in taɓa. Na farkon ban ji ba.